Ruwan da Hajiya Hamdatu ta bari a cikin inji

Shekara ashirin da ɗaya na yi ina wanke ƙazantar mutane a asibitocin London. Duk abin da jikin ɗan Adam yake iya fitarwa na kwashe shi da hannuna, na goge, na koma na ci abincina lafiya lau. Sau ɗaya tak zuciyata ta tashi har na durƙusa a gaban masai, kuma ba a asibiti ba ne. A ɗakin Baba Masawudu ne, mutumin da ya fi kowa tsabta a dogon benenmu.

Sunana Angelina, matar Ephraim Katung, mu mutanen Kagoro ne. A 1986 council, wato hukumar unguwa, ta ba mu flat, gidan haya a hawa na tara a Edmonton. Ranar da muka tare ina tsaye a bakin lif ina zazzaga wa Ephraim masifa da Hausa, don ya bar katifarmu a ƙasa ruwa yana dukanta, sai ƙofar da ke kallon tamu ta buɗe. Wata mace gajeriya ta leƙo ta yi mini sannu da zuwa, ta ce in rage murya kar in kashe bawan Allah tun ba a shiga gida ba. Hamdatu ke nan, matar Baba Masawudu. Kafin magariba ta kawo mana shinkafa da wake irin dahuwarsu ta Ghana, da yaji mai sa hawaye. Daga ranar har ta bar duniya in dai tana gari, ba mu taɓa kwana biyu ba mu gaisa ba.

Shi Baba Masawudu haifaffen zangon Kumasi ne, ɗan mai fataucin goro. Ya yi shekaru a Legas yana aikin wanki da guga, har aka kori baƙi a 1983, ya koma gida da dutsen guga ɗaya a jaka. Bai daɗe ba ya biyo wani ɗan uwansa zuwa London, daga baya Hamdatu ta iso, suka bar 'yarsu Zinatu a hannun kakarta. Ya samu aikin tsaron ƙofa a wani ofishi da ke Northumberland Avenue, kusa da Charing Cross. Aikin bai wuce buɗe ƙofa, karɓar wasiƙu da gaishe da manya ba, amma yana shirya masa kamar shi ne mai ofishin. Mutumin nan har safa yake gogewa. Hankicinsa uku, kowanne da aikinsa. Ba ya danna maɓallin lif da yatsa, sai da bakin makulli, wai bai san inda hannuwan mutane suka shiga ba. Idan ya wuce, ƙamshin turarensa yakan tsaya a baranda ya jira shi ya dawo. Ni da nake cin abinci da tsabta, na sha nuna wa Ephraim shi ina cewa ya dubi yadda maza suke.

Aibinsa ɗaya, kuma duk benen ya san shi: minshari. Ba irin wanda ake yi wa dariya a wuce ba. Yakan ja ya ja, sai ya yi ɗif kamar an ɗauke wuta, kina ƙirge har ki fara tunanin buga musu ƙofa, sannan ya fashe da wata irin shaƙuwa. 'Yata Jane tana ƙarama ta ɗauka kare suke ɓoyewa. Da rana kuma barci yake sace shi ko ina. Sau nawa ya hau tube, jirgin nan na ƙarƙashin ƙasa, a Seven Sisters, maimakon ya sauka ya canja, sai dai a tashe shi a Brixton, ƙarshen layi. Hamdatu ta ce a gida an sha yi masa turare da addu'a, wai dannau ne. Ni na ce ƙiba ce da wuya kamar na bijimi, ta ce in bar mata wuyan mijinta.

A 1995 aka same shi yana barci a tsaye, jingine da ƙofar ofis, wasiƙu a zube a ƙasa. Wannan ne ya kai shi ga likita. Suka kwantar da shi suka auna barcinsa, suka ce maƙogwaronsa ne yake rufewa, numfashi ya ɗauke, sai jiki ya firgita ya fizgo iska, haka sau ɗaruruwa kafin gari ya waye. Suka ba shi inji, wani akwati kamar tsohuwar rediyo, mai hura iska ta cikin tiyo zuwa takunkumin roba da ake ɗaurawa a hanci. Minshari ya tsaya cak. Amma iskar ta busar masa da hanci har yana haɓo, sai suka ƙara masa wata 'yar tukunya ta roba, garau ana ganin cikinta. Ana zuba mata ruwa, ta ɗan ɗumama shi, iska ta bi ta kansa ta ɗebi laima kafin ta shiga hancinsa.

Takardar da suka haɗo da ita ni na karanta wa Hamdatu. Kowace safiya a zubar da ruwan da ya kwana, a wanke tukunyar da takunkumin da sabulu, a bari su bushe. Tiyo a wanke shi mako-mako. Ruwan da za a zuba ya zama tafasasshe da ya huce. Na ƙara mata da nawa, na ce a wurin aikinmu babu abin da muke tsoro kamar ruwa mai ɗumi da ya zauna wuri ɗaya. Ko ruwan furen da ake kawo wa marasa lafiya ba ma barinsa ya kwana biyu. Ba sai na maimaita ba. Duk safiyar Allah idan na leƙa zan tarar da tukunyar a kife a kan tsumma mai tsabta, tiyon kuma a rataye a ƙofar banɗaki yana ɗiga kamar hanjin rago. Shi gogan ko sanin yadda ake kwance abin bai yi ba. Nasa ya ɗaura ya kwanta.

A 1996 Hamdatu ta tafi aikin Hajji tare da yayanta. Baba Masawudu ne ya ce ta riga shi, shi ya bi baya. Ta dawo Hajiya, da haƙorin Makka da dabino da jarka ɗaya ta zamzam. Mutane suka yi ta zuwa barka, tana tsiyaya musu a 'yan ƙananan kofuna. Ni ma ta miƙo mini, na ce ai ni 'yar coci ce, ta ce in sha, ciwon gwiwata bai tambayi addinina ba. Na sha. Ta rage kaɗan a gindin jarkar ta ɗora a kan kabad, ta ce na ranar buƙata ne.

Ashe da ciwo ta dawo a cikinta, tana ɓoyewa. A watan Disamba aka kwantar da ita, a Janairu ta rasu. Zinatu ba ta samu biza ba. Aka binne ta a ɓangaren Musulmi na wata maƙabarta a bakin gari, cikin sanyi mai fasa leɓe. Na yi kuka kamar wadda muka fito ciki ɗaya.

Bayan an watse daga zaman makoki na ce masa ya riƙa miƙo mini tukunyar da tiyon ina wankewa tare da kwanukana. Ya yi godiya, ya ce yana kula da abinsa. Na yarda. Wa zai dubi wuyan rigar mutumin nan ya yi zargin ƙazanta? Kuma ɗakin kwanan namiji ba wurin shigata ba ne. Abinci nake kai masa, in tsaya a falo, in fito.

Wajen bikin Ista ya fara tari. Likitan unguwa ya ba shi ƙwayoyi, ya lafa, ya dawo. Aka sake ba shi wasu, ya sake dawowa. Zuwa tsakiyar shekara wuyan da nake tsokana ya zube, kwat ɗinsa ta koma kamar ta aro. Wata rana a lif ya yi tari a hankici, kafin ya naɗe na hango abin da ya fito, kore shar mai kauri. Na tambaye shi ko yana wanke injin. Ya ce kullum. A watan Satumba, da safe, ya yanke jiki ya faɗi a baranda da makulli a hannu. Motar asibiti ta kai shi inda nake aiki.

Ciwon huhu ne, mai tsanani. Da yake ba shi da kowa a kusa, ni aka rubuta a matsayin dangi, don haka a gabana likitar ta yi bayani. Ta ce ƙwayar cutar da suka samu a kakinsa irin wadda take son ruwa mai zama ce. Ta ce huhunsa na dama ya riga ya yi tabo, kuma idan irin wannan ya sake kama shi, ba ta da tabbacin zai tashi. Ita ma ta tambaye shi ko yana wanke injin, ya dube ta ido cikin ido ya ce kullum. Sai babbar nas ta ce in je in ɗauko injin, ya riƙa amfani da shi a gadon asibiti.

Ya daɗe kafin ya ba ni makullin. Hausarsu ta zango ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne, kowa "shi" ne, na saba da hakan. Ya riƙe mini hannun riga ya ce, "Maman Jane, ka ɗauko shi a tsaye. Kar ka karkata shi. Kuma kar ka buɗe, please."

Duk wanda ya san ni ya san wannan maganar ce ta sa zan buɗe.

Da la'asar na shiga. Ɗakin tsaf, gado a gyare ko alamar lanƙwasa babu, takalma a jere, ƙamshin turaren wuta ya kama labule. Injin yana kan teburin gefen gado, an lulluɓe shi da wani ƙyalle mai aikin zare. Na ɗage. Bayansa sai sheƙi yake, an goge shi har da turare. To, ga wankin da yake yi kullum. Amma a ƙarƙashin ƙamshin akwai wani abu da hancina ya sani, wani hamami irin na tsumman goge ƙasa da aka manta a bokiti.

Tukunyar da na sani garau ta koma ba a ganin cikinta. Na kwance ta, na ɗaga murfin.

Ban san yadda zan faɗa ba tare da na ɓata wa mai karatu abinci ba. Ruwan ya yi kauri, launinsa tsakanin kore da toka. A jikin robar akwai farin ɓawo irin wanda ruwan famfon London yake bari a buta, a kan ɓawon kuma wani yauƙi ya kwanta, baƙi a ƙasa, ja-ja a sama inda ruwan yake tsayawa. Da na motsa ta sai wata fata ta saki daga gefe, ta yi iyo a hankali ta juya. Na ɗaga tiyon wajen taga, duk lanƙwasa da ɗigon fumfuna, baƙaƙe, jere har ƙarshe. Takunkumin kuwa ya yi danƙo da maiƙon fuska da man kaɗanya da yake shafawa, ya koma rawaya, har da gashin baki a manne. Sannan ɗoyin ya iso. Wannan abin ne ake ɗumamawa kowane dare ana tura masa cikin ƙirji da ƙarfin inji, wata tara cur. Mutumin da ba ya taɓa maɓallin lif da yatsa.

Da ƙyar na kai banɗaki. Na yi amai har idona ya kawo ruwa, na kuskure baki, na dawo a fusace na ɗauki tukunyar zan juye ta a masai. Ina juyowa idona ya faɗa kan kabad. Jarkar Hajiya tana nan, babu ko ɗigo a ciki, an rataya mata carbinta a wuya. Na tsaya da abin a hannu. A Kafanchan na girma, cikin maƙwabta Musulmi, ba sai an gaya mini abin da ba a zubawa a masai ba. Na mayar da murfin, na sa injin da sauran kayansa a jaka, tukunyar kuma a leda biyu, na hau bas ina riƙe da ita nesa da jikina. Wata tsohuwar Baturiya ta tashi ta canja kujera, ban ga laifinta ba.

Na ja labulen gadonsa, na ajiye ledar a gabansa, na ce ya gaya mini mene ne wannan. Ya dube ni ya gane na buɗe.

"Ranar da za a yi admitting Hajiya a asibiti," in ji shi, "da ciwon da komai, sai da ya tashi ya wanke. Ya ɗauko sauran zamzam ya zuba a ciki. Ya ce in shaƙa kafin ya dawo." Ya yi tari, ya goge baki. "Bai dawo ba. In zubar a sink, Maman Jane? Ya bi pipe ɗaya da kashin mutane?"

Na ce to ai wata tara ke nan, ruwan da ta zuba ya ƙare tun a makon farko. Ya ce bai ƙare ba, don bai taɓa barin tukunyar ta bushe ba. Kullum idan ya ragu sai ya ƙara daga famfo. Ya ce tun suna yara haka ake yi a zango, idan zamzam ya kusa ƙarewa a ƙara masa ruwa, albarkar tana nan. Wannan gaskiya ne, ni ma na ga ana yi a gidan maƙwabtanmu. Amma a kwalba mai murfi suke yi, su raba wa mutane a shanye cikin kwana biyu. Ban taɓa ganin wanda ya ɗora nasa a kan wuta kowane dare har wata tara ba. Na gaya masa haka. Na ce abin da ke cikin ledar nan ba zamzam ba ne, ruwan kwata ne, kuma shi yake cin huhunsa. Ya juya fuska bango.

Babbar nas ta zo ta leƙa ledar, ta ja da baya, ta kira likita. Hukunci ya fito nan take: tukunya, tiyo da takunkumi duk a jefa cikin jakar da ake ƙonawa, a ba shi sababbi. Ruwan kuma a juye a ɗakin da muke zubar da fo na marasa lafiya. Aikina ne ma, ni aka miƙa wa. Ya ji. Na ga dattijon nan ya cusa bakin bargo a baki, kafaɗunsa suna rawa.

A nan na yi wautar da har yau nake jin haushin kaina. Na shiga ɗakin zubar da ƙazanta, na tsaya a gaban ramin, na kasa. Fuskar Hajiya nake gani tana miƙo mini ɗan kofi. Na samo wata kwalbar kofi da babu komai a ciki, na toshe numfashi na tsiyaye ruwan, na ɗaure murfin tamau, na naɗe da leda na kai gida. Ranar da aka sallame shi, bayan mako uku, na ba shi. Na ce ya ajiye kusa da jarkar, na kallo ne, kar ya kuskura ya buɗe. Ya ce to. Bai rantse ba, ni kuma ban lura bai rantse ba. Ni da na shekara goma sha ɗaya a lokacin ina koya wa sababbin ma'aikata wanke hannu, ni na ɗauko cuta daga asibiti a jakata na kai wa marar lafiya har gida.

Makon farko ni nake wanke masa sababbin kayan kafin in tafi aiki. Daga nan ya ce ya iya, kar in riƙa makara. Ya fara cin abinci, ya fara sauka ƙasa shan iska, har yana maganar komawa bakin ƙofarsa. Mako uku da haka, ina shirin fita da safe, na ji tarin ta bango. Irin na da, mai jiƙe, mai fitowa daga can ƙasa.

Ban yi sallama ba, ban tsaya a falo ba. Yana zaune a bakin gado da carbi. Na wuce shi na je kabad. Ruwan kwalbar ya sauka da kamar yatsa biyu. A gefenta ga ƙaramin cokalin shayi, an goge shi an ɗora a kan hankici mai guga. Wannan cokalin ya fi komai tayar mini da hankali, yadda aka tsabtace shi. Na buɗe sabuwar tukunyar na shafa cikinta da yatsa, santsi ya riga ya fara.

"Cokali ɗaya ne kawai," in ji shi. "Ina wankewa, wallahi ina wankewa. Sai in sa one spoon a sabon ruwan."

Na ce masa abubuwa da yawa, wasu ban kyauta ba. Na ce yana shuka ruɓa kamar mai zuba tsohon nono a sabuwar madara. Na ce likita ta gaya masa a gabana cewa huhun ba zai ɗauki na biyu ba, idan mutuwa yake so ya faɗa, in daina wahalar dafa masa miya. Na ce Zinatu ba ta ga gawar uwarta ba, yanzu yana shirya mata ta uba. Ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Da na gaji na ɗauki kwalbar na nufi banɗaki, sai ya tashi da saurin da ban san yana da shi ba ya tare ƙofa da jikinsa, yana haki. Na ga ko na fi shi ƙarfi yau, ba zan iya kwana a ɗakinsa ina gadin cokali ba, kuma idan na zubar a masai ba zai sake buɗe mini ƙofa ba har ya mutu.

Na zauna a kujera. Na ce to, ruwan Hajiya ne ko? Ya ce nata ne. Na ce mu kai mata abinta. Na sha ganin suna yayyafa ruwa a kan kabari, ƙasa ce mai tsabta, babu bututu, babu kwata. Ya daɗe yana kallon kwalbar a hannuna, sannan ya ce ranar Asabar. Na ce har Asabar ɗin a gidana za ta kwana. A ranar na kai shi wurin likita aka sake ɗora shi a kan magani, na tafasa ruwa na wanke tukunyar sau uku.

Asabar ta zo da sanyi da iska. Ya sa farar riga mai guga a ƙarƙashin kwat, muka hau bas biyu, kwalbar tana cinyarsa a naɗe da ƙyallen nan mai aikin zare. A maƙabarta na tsaya a kan hanya, taku kaɗan daga kabarin, na bar shi ya ƙarasa. Ya tsuguna da ƙyar, ya tsince busassun ganye daga kan ƙasar, ya yi addu'arsa. Sannan ya warware ƙyallen, ya ɗaga kwalbar.

Ina jin bai taɓa ganinta a hasken rana ba. A ɗakinsa labule a sake yake, turare yana tashi, hancinsa kuma wata da watanni a toshe. A nan babu turare. Rana ta ratsa kwalbar, baƙin yauƙin yana yawo a ciki. Ya kwance murfin, iska ta kaɗo masa ɗoyin a fuska, har ni da nake baya sai da na rufe hanci da gyale. Ya miƙa hannu a kan kabarin, ya karkata kwalbar, ruwan ya zo baki. Ya tsaya. Ya sake karkatawa, ya sake tsayawa. Sai ya janye ta ya riƙe nesa da jikinsa, daidai yadda na riƙe ta a bas.

"Ba zan iya ba," in ji shi, bai juyo ba. "Hajiya ko a kitchen bai yarda da datti ba. Ba zan zuba masa wannan ƙazanta ba."

Na so in yi shiru, Allah ya sani, amma bakina bai taɓa jin maganata ba. Na ce, "Wata goma kana zuba wa mijinta."

Ya dafa gwiwa ya miƙe, ya taka a hankali har can gindin shinge, nesa da kaburbura, ya tona rami da tsinin takalminsa mai sheƙi, ya juye ruwan, ya mayar da ƙasa. Kwalbar ya miƙo mini ya ce in kai inda ake ƙonawa. Ya je famfon maƙabarta ya wanke hannu har gwiwar hannu, sau uku, cikin wannan sanyin. Sannan ya cika butar ban ruwan fure da ke rataye a wurin, ya koma ya yayyafa wa kabarin daga kai har ƙafa.

Huhun dama bai dawo ba. Bai sake tsayawa a ƙofar Northumberland Avenue ba, don matakalar tube ta fi ƙarfin numfashinsa. Amma maganin ya kama a wannan karon, ya tashi, kuma bayan shekara biyu ya hau jirgi da injinsa a jaka ya koma wurin Zinatu.

A bas ɗin dawowa daga maƙabarta ranar nan, mun kusa Edmonton. Yana kallon taga, ƙyallen a ninke a cinyarsa babu komai a ciki. Fiye da shekara matar nan ta yi tana wanke masa abin nan kowace safiya, taku biyar daga inda yake zaune yana shan shayi.

"Maman Jane," in ji shi, "da wane sabulu Hajiya yake wankewa?"